Tirelar kwana: kafin ka ƙara mata komai, ka kai ta sikeli

Wa alaikumus salam Malam. Wallahi ina karanta tambayarka na ajiye kofin shayi, don labarina ka ɗauko. Tirelar kwana, wato ɗakin kwanan nan da mota ke ja, ta yi muku kaɗan, yara sun girma, kana ta wasi-wasi ko ka ƙara mata sola da tankin ruwa da gadon sama, ko ka sayar ka nemi babba. Ni gyaran na zaɓa, kuma ido rufe na shiga.

Mu ruwa ne damuwarmu. Mutum shida, alwala sau biyar, ga Maman yara ba ta yarda da farantin takarda, sai an wanke kwano. Sai na kai wa wani bakanike a nan Minneapolis, ya ɗaura min tanki mai galan 30 can baya da tayoyi, wai nan ne akwai fili. Ko sau ɗaya bawan Allahn nan bai ce min uffan a kan nauyi ba. Galan ɗaya na ruwa ya haura laba 8, ka ga kusan laba 250 ke nan ya rataya min a wutsiya, ya karɓi kuɗinsa har da yi min fatan sauka lafiya.

A kan babban titin I-90 abin ya same mu, za mu tsaunukan Black Hills, mun haye kogin Missouri a garin Chamberlain ke nan. Iska na kaɗawa, wata babbar mota ta wuce mu fuu, sai kawai tirela ta fara rawa. Dama, hagu, dama, tana jan bayan motar kamar saniya ta ƙi igiya. A madubi ina ganin gefenta gaba ɗaya, abin da bai kamata in gani ba. Maman yara sai salati take, ta damƙe min kafaɗa, autanmu ya fashe da kuka. Allah ne ya tuna min kada in taka birkin mota. Na ɗaga ƙafa daga totur, na matsa birkin tirelar da hannu, a hankali ta miƙe. Da na tsaya a gefen titi na fi minti goma ban iya buɗe ƙofa ba, hannuna na karkarwa. Daga baya na sauka na buɗe famfo, na tsaya ina kallon ruwan da na kashe wa kuɗi yana bin ciyawa. Na kira mutumin, buɗar bakinsa sai ya ce ai ni na ce a sa. Har yau in na bi ta gaban garejinsa sai raina ya ɓaci, Allah Ya isa kawai.

To ɗan'uwa, ka loda ta yadda kuke tafiya, da buhun shinkafa da tukunyar gas da komai, ka kai ta sikelin manyan motoci. Akwai takarda manne a gefen hagu ta gaba, an rubuta GVWR, iyakar nauyinta ke nan. In ka kusa kai wa, manta da gadon sama. Kuma kashi 10 zuwa 15 na nauyin ya kamata ya hau kan ƙugiyar da ke haɗa ta da mota; nawa ya yi ƙasa da haka, shi ya sa ta yi rawa.

Af, ka tattaka daɓenta ta kusurwoyi, in ka ji laushi rufin na yoyo, kada ka zuba kuɗi a ruɓaɓɓen katako. Batirin litiyam kuma ba a yi masa caji in sanyi ya kai na ƙanƙara, sai mai na'urar ɗumama kansa, kai ma ka san hunturunmu. Solar dai ban yi nadamarta ba, ita ke riƙe mana fitilu da fanka.

Babbar kuwa, fara duba abin da motarka za ta iya ja. Wani abokina ya sayi babba, ƙarshenta sai da ya canza mota, yanzu bashi biyu yake biya. Ni tawa na cire tankin, jarkoki nake jerawa a saitin tayoyi. Turo min hoton takardar nan da sunan motarka mu lissafa tare.