Jitar bes mai fikof biyu: da gaske ta isa kowane irin kiɗa?

Tambaya: Malam, sannu da aiki. Ni matashi ne a Jos. Ina kaɗa bes a cocinmu ranar Lahadi, wani lokaci kuma a kira mu bikin aure mu yi hailaif da rege da makosa. Jitar da ke hannuna ta aro ce, fikof ɗinta ɗaya. Yanzu na tara kuɗi zan sayi tawa ta hannu, sai mai shago yake ta yaba mini wata mai fikof biyu, ƙirar Jazz Bass, wai ita kaɗai ta ishe ni kowane kiɗa. Abokina kuma ya ce zaƙin bakin ɗan kasuwa ne, sautin duk ɗaya ne, ga gurnani da zarar an ta da janareta. Wa zan bi?

Amsa: Yauwa ƙanena, Allah ya sa albarka a abin da ka tara. Mai shagon ya fi abokinka kusa da gaskiya, amma shi ma ya ɗan ƙara gishiri. Jita mai fikof biyu tana da muryoyi da dama, kuma ga wanda zai fito daga waƙar coci ya shiga makosa a yini guda, ita zan zaɓa maka. Sai dai muryoyin nan ba sa fitowa don kawai ka saye ta. Da yawa daga cikin masu irinta suna buɗe maɓallai ukun da ke jikinta har ƙarshe tun ranar da suka kawo ta gida, ba su sake taɓa su ba. Ina kyautata zaton a hannun irin waɗannan abokinka ya ji ta.

Fikof maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, zagaye dubbai. Tsirkiyar ƙarfe na karkarwa a samansa, shi kuma ya mai da karkarwar ƙaramar wutar lantarki ta bi waya zuwa amfilifaya. Abin lura shi ne, ba ya jin tsirkiyar gaba ɗayanta, ɗan wurin da ke samansa kaɗai yake ji. Ka ja tsirkiyarka mafi kauri ka zuba mata ido: a tsakiya za ka ga tana lilo da faɗi, can kusa da gadar da tsirkiyoyin suka ƙare a kai kuwa da kyar take motsi. Tsirkiyar nan ta E tana kai da komo kusan sau 41 a daƙiƙa, wannan shi ne tushen muryarta. A kan tushen akwai wasu ƙananan karkarwa masu sauri, ninki biyu, ninki uku, har sama, su ne ke ba sauti kaifi da launi. Fikof na gaba, wanda ke kusa da wuyan jita, yana zaune inda lilon ya fi faɗi, don haka yana kwasar tushen da yawa, sautinsa ya fito da kauri da taushi. Na baya, na kusa da gada, tushen kaɗan yake samu, sai ƙananan karkarwar su rinjaya, muryar ta fito a ɗaure, da ɗan hanci, kowane bugu a rarrabe. Mai gurmi ya san wannan ba tare da lantarki ba: in ya matsa da yatsansa ƙarshen tsirkiya sautin ya yi tsini, in ya dawo tsakiya ya yi laushi.

Kamfanin Fender na Amurka ya fara fitar da Precision Bass mai fikof ɗaya a 1951, sannan a 1960 ya kawo Jazz Bass mai biyu. Na farko-farko suna da maɓallai biyu masu hawa biyu, ba a daɗe ba aka koma tsarin da ke kan wadda aka nuna maka: maɓallin ƙara na fikof na gaba, maɓallin ƙara na na baya, da ƙaramin maɓallin ton da ke rage kaifi. Kusan duk kwaikwayon da ke kasuwa, Squier ne ko wani suna, wannan tsarin suka bi.

To ga inda maganar take. In ka buɗe fikof biyun har ƙarshe, ba kaurin na gaba ne kawai zai haɗu da kaifin na baya ba. Akwai wasu daga cikin ƙananan karkarwar nan da a daidai lokacin da tsirkiya ke yin sama a kan wannan fikof, tana yin ƙasa a kan wancan. Da an haɗa su sai su cinye juna. Abin da ke ɓacewa galibi sautin tsakiya ne, ya bar maka ƙasa mai zurfi, wato sauti mai kauri, da sama mai ƙyalli, wato sauti mai kaifi, tsakaninsu rami. Kai kaɗai a ɗaki, babu muryar da ta kai wannan daɗi. Ita ce kuma muryar silaf, bugun babban yatsa da fizgar tsirkiya da Larry Graham ya shahara da shi, wanda Marcus Miller ya ƙara gogewa da Jazz Bass ɗinsa ta 1977. Amma ka shiga coci, mai kibod ya danna hannun hagunsa, gangar ƙafa na dukan ƙasa, mawaƙa goma na kan makirufo, sai ka ji kamar an ɗauke ka. Mai kibod da ganga sun cika ƙasan, kuge da muryoyi sun cika saman, tsakiyar da kunnen jama'a zai kama ka da ita kuwa ka riga ka zubar. Nan ne yara ke ta yi wa mai miksa alama ya ƙara musu, sifika ta fara kuka, amma har yanzu ba a jin abin da suke kaɗawa.

Maganin yana ƙarƙashin ɗan yatsanka. Ka bar na gaba a buɗe, ka mai da na baya baya kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin biyar na murɗin. Ka yi shi a hankali kana kaɗa nota ɗaya. Akwai wani gurbi da za ka ji sautin ya yi tsalle ya fito gaba, ya cika, kamar an ƙara maka wuta alhali ragewa ka yi. Cinye junan nan ne ya ragu, tsakiyar ta dawo. Ka gwada akasin haka, na baya a buɗe, na gaba an ɗan rage: za ka sami murya mai ɗan kaushi mai daɗi, mai cizo, wadda ke ratsa taron kayan kiɗa. A irin wannan jita marar batir, kusan duk canjin yana faruwa ne a farkon murɗin. Da ka wuce wurin, sauran juyin bai cika ƙara komai ba, fikof ɗaya kawai kake ji. Shi ya sa wanda ke murɗawa da gaggawa daga ƙarshe zuwa ƙarshe yake rantsuwa muryoyi uku kaɗai gare ta. Ni a ganina, mafi amfaninta duk suna cikin ɗan wannan taƙin.

Ga kiɗan da ka lissafa. Rege yana son na gaba shi kaɗai ko kusan haka, ton a rufe fiye da rabi, hannunka na dama ya hau can kusa da ƙarshen wuya, ka ja da tsokar yatsa a hankali, ka bar amfilifaya ta yi aikin ƙarfi. Aston Barrett, wanda ake kira Family Man, da Jazz Bass ya yi mafi yawan aikinsa tare da Bob Marley, kuma duk wanda ya ji nauyin bes ɗinsa ba zai ce jitar nan siririyar murya gare ta ba. Makosa da sukus kuwa gudu ne da ƙananan notoci masu yawa, in ka ba su kaurin rege sai su dunƙule su zama ruri ɗaya. A nan ka fifita na baya, ka rage ton kaɗan don kada ya yi ƙarar gwangwani, hannunka ya sauka daidai kan fikof ɗin baya inda tsirkiya ta fi tauri, yatsu su riƙa dawowa da sauri. Wannan ita ce hanyar Jaco Pastorius, mai Jazz Bass ta 1962 da ya cire wa ƙarafan wuya, wato ƙananan ƙarafan da ke raba notoci, kuma jin faifansa a Duwala ne ya ja Richard Bona na Kamaru zuwa bes. Hailaif da waƙoƙin yabo masu tafiya a natse, na gaba a buɗe da ɗan na baya ya wadatar.

Ka lura duk inda na ambaci maɓalli sai na ambaci hannu. Matsar da hannun dama daga wuya zuwa gada yana canza sauti kusan yadda canza fikof ke yi, kuma in suka tafi tare ne jitar ke nuna iyakar abin da take iyawa. Mai jan tsirkiya a wuri ɗaya da ƙarfi ɗaya, ko fikof huɗu ka ba shi murya ɗaya za ka ji.

Inda mai shago ya wuce gona da iri shi ne cewa ta isa komai. Fikof na gaba na Jazz yana kusantar muryar Precision, amma bai kai ta ba. Na Precision, tun 1957, rabi biyu ne da aka jera wutarsu ɗaya bayan ɗaya, yana da wani dunƙulallen naushi a tsakiya, irin wanda James Jamerson ya cika waƙoƙin kamfanin faifai na Motown da shi. Haka nan ba za ta zama Music Man StingRay ba, wadda ta fito a 1976 da babban fikof ɗaya kusa da gada da da'irar batir. Mai gyara da ya san aikinsa zai iya sa maka maɓallin da ake ja sama, ya jera fikof biyun ɗaya bayan ɗaya maimakon gefe da gefe. Sautin zai ƙara ƙarfi da kauri, saman ya ɗan lafa. Gyara ne mai araha kuma ina son sa, sai dai ka fara sanin jitar yadda take tukuna. Akwai kuma wadda ake kira PJ, mai fikof ɗin Precision a gaba da na Jazz a baya, kamar yawancin Yamaha BB. In ka ci karo da mai kyau a kuɗin da ke hannunka, kada ka raina ta. Aibinta ɗaya, sau da yawa na bayan ya fi na gaban rauni, shi kaɗai bai cika tsayawa da ƙafarsa ba.

Batun gurnani, abokinka bai yi ƙarya ba. Kowane fikof na Jazz naɗi ɗaya ne, yana kwasar ƙugin wutar lantarki da ke yawo a ɗaki, wanda a ƙasarmu yake kan 50 a daƙiƙa, a Amurka 60. An naɗe su ne ɗaya sabanin ɗaya, maganaɗisunsu ma a juye, don haka in duka biyun suna buɗe daidai, ƙugin yana kashe kansa. Da ka rage ɗaya sai ya fara leƙowa, in ka rufe shi gaba ɗaya ya fito sosai. Ka ga wani dalilin da ya sa nake cewa ragi kaɗan: ka sami tsakiyar, ƙugin kuma bai taka kara ya karya ba. In kiɗa ya tsaya ana addu'a ko jawabi, buɗe su duka ko ka rufe su duka. Sannan ka rarrabe ƙugi iri biyu. Wanda ke raguwa in ka juya jikinka ko ka matsa daga amfilifaya da wayoyin janareta, na fikof ne. Wanda ke yin zizi ya ɗauke da ka taɓa tsirkiya kuwa, rashin rufin kariya ne a ramin wayoyin, mai gyaran rediyo zai shimfiɗa maka tef ɗin tagulla a ciki ya haɗa shi da wayar ƙasa. Amma in tsirkiya ko makirufo na ɗan jan ka, ka ajiye jitar nan take. Wannan ba maganar sauti ba ce, wutar wurin ce ba ta da wayar ƙasa ta kirki ko amfilifayar na da lahani, kuma ta taɓa kashe makaɗa a kan dandali.

In wadda aka nuna maka mai batir ce, wato mai maɓallan ƙara ƙasa da sama a jikinta, za ka sami ƙarin launi, amma ka riƙa zare waya in ka gama, don muddin tana soke batirin nan mai bolt 9 yana ci. Ka fi son wadda ke da maɓallin komawa aiki ba batir.

Ranar saye, ka tafi da ƙaramin sukundireba. Buɗe fikof ɗaya, rufe ɗayan, ka ɗan taɓa ƙarfen kan maganaɗisun: ya kamata ka ji ƙwas mai ƙarfi daga wanda ke buɗe. Ka juya ka gwada ɗayan. Murɗa kowane maɓalli ka saurari ko yana ƙarar yashi. Danna tsirkiya a ƙarfen wuya na ƙarshe ka duba tazararta da fikof, milimita 2 zuwa 3 ake so. In ɗaya ya nutse ƙasa, shi ya sa za ka ji ɗan'uwansa ya danne shi, kuma sukurorin gefensa ne ke ɗaga shi. Tsofaffin tsirkiyoyi da gumi da ƙurar hunturu suka toshe suna dusashe bambancin fikof biyun ƙwarai, don haka ka sa kuɗin sababbi cikin lissafinka, ka kuma nemi ragi a kansu. Daga ƙarshe ka buɗe biyun har ƙarshe ka kaɗa E. In maimakon sautin ya zurfafa sai ya sirance, ƙasan ya gudu, ya zama kamar daga cikin rediyon hannu yake fitowa, to wani ya taɓa canza fikof ɗaya ya haɗa wayoyinsa a juye. Jitoci na hannu da yawa suna zuwa da wannan, masu su su sayar da arha suna zaton sun lalace. Wayoyi biyu ne za a sauya wa wuri da dalma, aikin da bai wuce minti goma ba a teburin mai gyara.