Saƙon MoMo ba rasit ba ne: amsa ga uwar da aka ce ta biya kuɗin hostal kafin Juma'a

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni uwa ce daga Nima a Accra. 'Yata tana gama shekarar farko a jami'ar KNUST da ke Kumasi, an ce musu baɗi babu wuri a hol, wato ɗakunan kwanan ɗalibai na cikin jami'a, kowa ya nemi nasa a waje. Wata ƙawarta ta haɗa ta da wani dillali a WhatsApp, ya turo hotunan ɗaki mai gado huɗu a wani hostal a Ayeduase, unguwar da ke kusa da jami'ar, sidi 6,500 a shekara. Ya ce in tura duka ta MoMo, wato tura kuɗi ta layin waya, kafin Juma'a, in ba haka ba zai ba wani, kuma in na biya shekara biyu zai yi mana ragi. Na yi magana da shi, yaro ne mai ladabi, ɗan unguwar Aboabo ta Kumasi, har ya ce ya san dangin mijina. Da na nemi takarda sai ya ce saƙon MoMo ya isa shaida. Kuɗin nan adashi na kwasa. Ita kuma yarinyar ta ce ta samu aikin da za ta riƙa yi bayan lakca ta biya rabi, amma sai ta fara ba da sidi 400 na rajista. Kwana uku ke nan barcina rabi-rabi ne. In tura ko in dakata?

Uwa daga Nima

AMSA

Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki dakata. Kada ki tura ko kwabo, na ɗakin ko na rajistar, sai an yi abin da zan faɗa miki. Rashin barcin nan naki ya fi hotunan da aka turo miki gaskiya.

Abin da 'yarki ta gaya miki game da hol haka yake. Manyan hol guda shida na asali, wato Unity, Katanga, Republic, Independence, Queens da Africa, 'yan shekarar farko ake ba fifiko a cikinsu, daga nan sai kowa ya fita ya nemi makwanci a Ayeduase, Kotei, Bomso, Ayigya, Boadi ko Kentinkrono. Jami'ar da aka buɗe a 1952 yau ɗalibanta sun haura 80,000, gadajen cikinta kuwa ba su kama ƙafar wannan adadi ba. To ƙarancin gaskiya ne, kuma hostal masu kyau da ke kusa da ƙofar Ayeduase tun kafin a yi hutu ake kama su. A kan wannan gaskiyar masu damfara suke gina ƙaryarsu, shi ya sa take shiga kunne.

Yanzu ga maganar da ta fi tsaya mini a rai, domin kusan kullum sai na ji ta a ofis: wai saƙon MoMo ya isa shaida. Hajiya, ki buɗe wayarki ki duba kowane saƙon da ya shigo bayan kin tura wa wani kuɗi. Me ke ciki? Adadin kuɗi, suna, lamba, lokaci, da lambar ciniki. Shi ke nan. Babu sunan hostal, babu lambar ɗaki, babu ranar shiga da ranar fita, babu inda aka ce mai wannan lambar yana da ikon ba da gado a wannan gini. Ko ɗan bayanin da ake rubutawa lokacin turawa, ke kika rubuta shi da hannunki, shi bai sa hannu a komai ba. Saƙon ya tabbatar da abu ɗaya tak, kuɗi ya bar hannunki ya shiga wani layi. Gobe mai layin yana iya cewa bashi kika biya shi, ko kuɗin atamfa ne. Mai ginin kuma zai ce miki, cikin gaskiyarsa, bai taɓa ganin sisinki ba, kuma ba ki da abin da za ki kama shi da shi.

Sau da yawa ma sunan da ke fitowa ba na dillalin ba ne. Zai ce miki layin ƙanwarsa ne, ko nasa ya cika. Mutane suna kwantar da hankalinsu da cewa ai yanzu kowane layi da Ghana Card, katin shaidar ɗan ƙasa, aka yi masa rajista. Haka ne, amma katin wa? Akwai layukan da aka yi wa rajista da katin wata tsohuwa a ƙauye wadda ba ta ma san an yi ba.

Bara, makon da aka koma makaranta, na tsaya a ƙofar wani hostal a Kotei ina jiran manaja kan wata magana daban. Ga wata yarinya ta sauko daga tasi da katifa a naɗe, bokiti, tukunyar gas ƙarama da akwati, babanta na biye da ita riƙe da buhun gari. Fota, mai kula da ƙofar hostal ɗin, ya buɗe babban littafinsa yana bin sunaye da yatsa, ya kai ƙarshe, ya dawo farko. Babu sunanta. Uban ya ciro waya ya nuna saƙon, yana ta maimaita cewa ga shi nan, ga shaida. Fota ya dubi sunan da ke cikin saƙon ya ce bai san mai shi ba. Aka kira lambar, a kashe. Gadon da aka nuna musu a hoto yana nan a hawa na biyu, da wata a kansa wadda ta biya a banki tun watanni uku da suka wuce. Har la'asar yarinyar tana zaune a kan katifarta a bakin ƙofa. Uban bai yi faɗa ba, sai juya wayar yake yi a hannu.

Ba kowane dillali ne ɓarawo ba, akwai waɗanda nake aiki da su shekara da shekaru ban taɓa jin kansu ba. Amma ɓarnar iri-iri ce. Wani babu ɗakin ma sam, hotunan daga Facebook ya kwaso. Wani ɗakin na nan, ya karɓi kuɗin mutum uku a kan gado ɗaya, ya miƙa na ɗaya ya ci na biyu. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne mai ginin da bai gama ba: da kuɗin ɗalibai yake sayen siminti, ya yi alkawarin kammalawa kafin a dawo hutu, yara su zo su tarar da rodi a tsaye, babu taga, babu bayan gida, a ce su yi haƙuri mako biyu. Mako biyun nan yakan cinye zango guda. Ragin da aka yi miki tayi in kin biya shekara biyu, ƙamshin wannan yake yi.

Kan adibas ɗin shekara biyu kuwa, Dokar Haya ta 1963, Act 220, ta haramta wa mai gida neman fiye da kuɗin wata shida a gaba, a hayar wata-wata ma wata ɗaya ne. Kowa a ƙasar nan ya san yadda ake taka wannan doka da rana tsaka, kuma masu hostal kuɗin shekarar karatu suke karɓa a dunƙule. Ba zan yaudare ki in ce ki je ki karanta wa manaja doka ya ba ki gado ba, zai ce ki matsa na bayanki ya zo. Amma abin da ya wuce shekarar karatu ɗaya kada ki yarda, ko da ragin ya kai nawa. Ba ki san ko yarinyar za ta ji daɗin wurin ba, ba ki san halin abokan ɗakinta ba. Haka kuma tun 2020 akwai dokar dillancin gidaje, Act 1047, wadda ta ce mai wannan sana'a sai da lasisi. Ki tambayi yaronki na Aboabo nasa, ki ji yadda muryarsa za ta sauya.

Sai maganar "namu ne". Hajiya, ki gafarce ni, a nan ne mu mutanen zango muke faɗawa rami da idonmu a buɗe. Mutum ya yi sallama mai kyau, ya ce Mama ina kwana, ya ambaci wani Alhaji a Aboabo ko Asawase, shi ke nan kunya ta rufe mana baki. Neman takarda ya zama kamar zargi. Da wani ne can da ba ya jin Hausa, da kin tsare shi da tambaya goma. Sanin dangin mijinki ba wuya, ƙawar 'yarki ta isa ta ba shi sunaye biyu ba tare da ta san me ta yi ba. Kuma wa ya ce rubutu rashin yarda ne? Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma muminai aka yi wa magana, ba baƙi ba. Mun haddace ta, muna jin ta a tafsirin azumi, amma ranar da za mu miƙa kuɗin adashin shekara sai mu ce ai amana ta wadatar. In yaron na kirki ne, takarda ba za ta rage shi da komai ba, shi ma kariya ce gare shi. In ya ji haushi don kin nema, kin samu amsarki a arha.

In kuɗi ya riga ya tafi, akwai hanya, sai dai doguwa ce. Karɓar kuɗi da yaudara laifi ne a ƙarƙashin sashe na 131 na Act 29 ta 1960, ana kai ƙara wurin 'yan sanda, ana kuma kiran 292, layin hukumar tsaron intanet. Ofishin Rent Control kuwa tsakanin mai gida da ɗan haya yake shiga, kuma tambayar farko ita ce wane ne mai gidan, ina takardarku. Wanda ya biya dillalin da ya ɓace ba shi da amsar ko ɗaya. Za ki yi ta hawa trotro daga wannan ofis zuwa wancan, a ce ki dawo Talata, kuɗin mota ya kusa kai abin da kike bi.

Abin yi ba shi da wahala, tunda 'yarki tana Kumasi. Gobe ta ɗauki ƙawa ɗaya, ko wani babba daga cikin 'yan GMSA, ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta Ghana, su taka zuwa hostal ɗin ba tare da dillalin ba. Ta nemi manaja ko fota, ta tambaya: akwai gado a ɗaki kaza? Nawa ne? Kun san wane? Ta shiga ɗakin da ƙafarta, ta buɗe famfo, ta duba ko rijiyar burtsatse ce ko ruwan gwamnati, ta tambayi mitar wuta ta ɗaki ce ko ta haɗaka, da wanda ke sayen kati in ya ƙare. Rigimar mita ta raba abokan ɗaki fiye da kowace rigima da na sani. Ta kuma dubi hanyar da dare, domin mai dawowa daga karatu ƙarfe goma ba ta son lungu marar fitila. Ta leƙa ofishin kula da harkokin ɗalibai na jami'a ta ga ko sun san hostal ɗin. In komai ya yi, a biya a asusun banki mai sunan hostal, ko a ofishinsu hannu da hannu, a karɓi rasit mai hatimi da sunanta, lambar ɗaki, da shekarar karatu, haɗe da takardar sharuɗɗa da ta faɗi ranar fita da abin da za a mayar in ta fasa. Ladan dillali daban, bayan an ga suna a littafi. In zuciyarki ba ta kwanta ba, ki shiga mota a tashar Circle da asuba, kafin la'asar kina Tek Junction, kusa da jami'ar. Kuɗin motar bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da kike shirin turawa a makance ba.

Aikin rajistar sidi 400 ba zan daɗe a kansa ba. Mai ɗaukar aiki shi ke biyan ma'aikaci. Kamfanin samar da aiki na gaskiya yana da lasisi a ƙarƙashin Dokar Ƙwadago ta 2003, Act 651, da ofis da za a iya shiga. Wanda ya ce ki biya, sannan ki kawo mutum biyu su ma su biya, sarƙa ce, kuma yara da yawa a garin nan sun zuba kuɗin makarantarsu a irinta. Ki kuma yi lissafi da ita: mafi ƙarancin albashin yini a 2025 sidi 19.97 ne. Rabin kuɗin ɗakin, 3,250, ya haura aikin kwana 160 a wannan farashi, ga wadda take da lakca da jarrabawa. Abin da na ga yana yi wa ɗalibai amfani shi ne koyar da yaran da ke shirin jarrabawar BECE ko WASSCE a gidajensu da yamma, zama a shagon buga takardu ko rumfar MoMo ranar Asabar, ƙunshi da kitso a hostal, sayar da hijabi. Wannan zai saya mata wake da shinkafa da data, ya biya kuɗin mota, amma kada a jingina haya a kansa. In ana neman abin da zai rage nauyi da gaske, ta nemi bashin Students Loan Trust Fund, asusun gwamnati na ba ɗalibai rance, tun 2022 da Ghana Card ake nema ba sai da mai tsaya mata ba.

Shi kuma dillalin, ki kira shi yau ki ce masa 'yarki za ta je ta ga manaja gobe, kuma a asusun hostal za ki biya, ladansa na nan. In ya ce to, madalla, ku ci gaba. In ya fara cewa manaja ya yi tafiya, ko Juma'a ta matso, ki yi masa godiya ki ajiye waya, ita kuma ranar Litinin ta fara zagaya Bomso da Ayigya da ƙafarta.