Sifinin ko Betkasta: Wanne Zan Saya Don Kamun Kifin Bas?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Na fara zuwa fatsa a wani tafki da ake samun kifin bas, da aron kayan abokina. Yanzu ina so in sayi nawa, amma kaina ya ɗaure. Na ga na'urar naɗe zare iri biyu, wadda ake kira sifinin da wadda ake kira betkasta. Abokina ya ce sifinin ta 'yan koyo ce, duk gwanayen da ke shiga gasa betkasta suke riƙewa. Kuɗina na guda ɗaya ne. Wacce zan ɗauka? Daga wani mai karatu.

AMSA: Barka kadai, ɗan'uwa. Sayi sifinin. Ga dalili, don kada ka je wa abokinka da "ai Malam ne ya ce".

Bambancin su biyun yana wurin kwarkwaro, wato abin da zaren yake naɗe a jikinsa. A sifinin, kwarkwaron ba ya motsi lokacin jifa. Na'urar tana rataye a ƙarƙashin sanda, ka ɗaga wata 'yar waya mai lanƙwasa, ka danne zare da ɗan ali, ka wurga, zaren ya riƙa zamewa daga bakin kwarkwaro zobe-zobe. Ƙoton da ka ɗaura zare kawai yake ja, ba ya jan komai. A betkasta kuwa na'urar tana zaune a bisa sanda, kuma kwarkwaron kansa ne ke juyawa. Dole nauyin ƙoto ya tayar da shi daga tsaye, ya sa shi gudu.

To a nan gizo ke saƙa. Ƙoto mara nauyi ba shi da ƙarfin tayar da kwarkwaro, sai jifar ta mutu a gabanka. Idan kuma ya tashi, ba ya son tsayawa. Ƙoto na rage gudu a sama saboda iska, ko ya faɗa ruwa ya tsaya cak, shi kuwa kwarkwaro yana ta wulwulawa yana aman zaren da babu mai ja. Nan take zaren ya kumbura ya cukurkuɗe a cikin na'ura. Amurkawa na kiran wannan sheƙar tsuntsu, kuma in ka gan shi za ka ce sunan ya dace.

Ranar da na fara fita da betkasta ta farko, jifa uku na yi. Ta ukun na yi ta ne da ƙarfi, iska kuma na kaɗowa ta fuskata. Na zauna a bakin ruwa kusan minti 40 ina tsifar zare da tsinke, ina ji kifi na fantsama ruwa a gefen ciyawa. Daga ƙarshe wuƙa ce ta raba gardama, na yanke fiye da rabin zaren na koma gida. Laifina ne. Na ɗaura 'yar tsutsar roba da ba ta kai giram 4 ba, na kwance birkin da ke rage gudun kwarkwaro gaba ɗaya don in yi nisa.

Saboda haka abin da ke zaɓar maka na'ura shi ne nauyin ƙoton da za ka jefa da irin wurin da kifin ya ɓuya. Mizanin da nake bi giram 7 ne, wato kwatan oza a lissafin Amurkawa, wanda shi za ka fi gani a rubuce jikin sanda. Abin da bai kai haka ba, na sifinin ne: ƙananan tsutsotsin roba, da tsutsar da ake soke wa ƙugiya a tsakiya ba tare da dalma ba, da ɗaurin nan da dalma ke can ƙasa ƙugiya na sama da ita. Waɗannan su ne ke kama bas a ruwa garai-garai, ko a tafkin da masunta suka yi yawa har kifi ya yi wayo. Suna son siririn zare mai ɗaukar fam 6 zuwa 10 na nauyi, wajen kilo 3 zuwa 4 da rabi ke nan, kuma siririn zare a sifinin yake jin daɗi.

Daga giram 10 zuwa sama, musamman in wurin akwai sarƙaƙiya, betkasta ce sarauniya. Bas kifi ne mai kwanton ɓauna. Yana laɓewa a cikin bado, ƙarƙashin itacen da ya faɗa ruwa, ko gindin gada, ya jira abin da zai gifta. In ya cafki kwaɗon roba a tsakiyar ciyawa, daƙiƙa biyu gare ka ka juyo da kansa waje, in ba haka ba ya naɗe zare a jikin reshe ya bar ka da sanda a hannu. Wannan aikin sai zare mai kauri, kitsattse mai ɗaukar fam 50 ko 65. Betkasta na naɗe zare kai tsaye daga sanda zuwa kwarkwaro, ba ya karya kwana, don haka jan ta ya fi ƙarfi. Zaren nailan mai kauri kuwa in ka cusa wa ƙaramar sifinin, tsalle yake yi yana zubowa da kansa.

Sai kuma babban yatsa. Wannan shi ne sirrin betkasta, kuma shi ya sa wanda ya iya ta ba ya son ajiye ta. Yatsanka na shafar kwarkwaro tun daga barin ƙoto har saukarsa. Kana iya rage masa gudu a tsakiyar tafiya, ka sauke shi a hankali cikin wani ɗan gurbi tsakanin rassa biyu, ruwa ko motsi bai yi ba. Kuma ba sai ka ɗaga waya ka mayar ba, maɓalli ɗaya ne ka danna. Wanda zai yi jifa ɗaruruwa a yini ɗaya yana jin wannan bambancin a wuyan hannunsa.

Game da maganar abokinka, rabi ya faɗa. Ka kalli babbar gasar Bassmaster Classic da ake yi a Amurka tun 1971, za ka ga 'yan gasa da sanduna jere a bisa jiragensu, kuma sau da yawa akwai sifinin a cikinsu. In kifi ya ƙi ci, ita suke ɗauka. Tarihin ma bai goyi bayan raini ba. Betkasta ce babba a shekaru: wani mai gyaran agogo, George Snyder, a jihar Kentaki, shi ake danganta wa ƙera irin ta farko a Amurka a farkon ƙarni na 19. Kamfanin ABU na ƙasar Suwidin, mai na'urar Ambassadeur da ta yi suna tun shekarun 1950, shi ma da agogo ya fara. Sifinin kuwa wani Bature ɗan gidan masaƙa a Ingila, Alfred Illingworth, ya yi wa irin tasa rajista a 1905, kuma matsalar da yake son magancewa ita ce jefa ƙoto mara nauyi, abin da tsohuwar na'ura ta kasa. Bayan yaƙin duniya na biyu Mitchell 300 ta Faransa ta watsa ta duniya. Ka ga ai ba don yara aka yi ta ba.

Ga abin da zan saya in ni ne kai. Sanda mai tsawon ƙafa 7, ko ƙasa da haka kaɗan, mai matsakaicin ƙarfi wadda bakinta kawai ke lanƙwasa. Na'ura mai lambar girma 2500 ko 3000. Ka cika ta da kitsattsen zare na fam 10 ko 15, ka ƙulla masa a gaba kamar mita ɗaya da rabi na fulorokabon, wani zare garai-garai, mai fam 8, saboda shi kifi ba ya saurin ganinsa a ruwa. Da wannan za ka iya jefa kusan duk abin da ɗan fari ke buƙata, kuma za ka yi yininka kana kamun kifi maimakon tsifa.

Kada ka ɗauka ita ba ta da nata halin. Ciwonta murɗewar zare. Abu biyu ke jawo shi: juya mariƙin na'ura alhali kifi na fizgar zare yana fita, da rufe wayar nan ta hanyar juya mariƙin. Ka saba rufe ta da hannunka, ka ɗan ja zaren ya miƙe, sannan ka fara naɗi. Kuma kada ka cika kwarkwaro har baki, bar masa kamar milimita 3.

Wani abu da mutane ke mantawa: sandunan ba a musanya su. Ta sifinin zobbanta manya ne, suna kallon ƙasa. Ta betkasta ƙanana ne, suna sama, kuma tana da ɗan maƙalin yatsa a ƙarƙashin mariƙi. Ran da ka tashi sayen betkasta, da sandarta za ka saya.

TAMBAYA: Malam, ni an riga an ba ni kyautar betkasta, mai rubutun 7.1:1 a jiki. Na gwada sau biyu, zare na cukurkuɗewa. In jefar da ita ne? Daga wata mai karatu.

AMSA: A'a Malama, kada ki jefar, kyauta mai kyau aka yi miki. Lambar nan na nufin duk juyi ɗaya na mariƙin na'ura, kwarkwaro na zagayawa sau 7 da ɗan ɗoriya. Tana da ɗan sauri, kuma ta dace da yawancin aiki.

Kada ki koya a bakin ruwa, can hankalinki na kan kifi. Je ki fili, ki ɗaura dalma mai giram 14 ba ƙugiya. Ki sa zaren nailan na fam 12 ko 15, domin za ki yanka shi fiye da sau ɗaya, kuma ya fi kitsattse sauƙin warwarewa. A gefen mariƙin juyi akwai wani ɗan murfi da ake murzawa. Ki ɗaga sanda, ki danna maɓalli, ki riƙa murza shi har dalmar ta sauka a hankali, kuma da ta taɓa ƙasa kwarkwaro ya tsaya. Birkin da ke ɗaya gefen, na maganaɗisu ne ko na 'yan ƙananan tubala, ki kai shi kusan ƙarshe. Jifar ba za ta yi nisa ba, bar ta. Kina sabawa kina rage birkin ɗaya bayan ɗaya.

Ki yi jifar ta gefe, a sake, ba da fizga ba, iska na bayanki. Ki saki yatsa da wuri fiye da yadda hannu ke so, ki kuma danne kwarkwaro kafin dalma ta taɓa ƙasa, ba bayan ta taɓa ba. Dabarar da na so a ce an koya mini tun farko: ki jawo zare tsawon jifarki mafi nisa, ki ƙara taku goma, ki manna ɗan salatif a kan sauran da ke kwarkwaro, ki naɗe. Duk cukurkuɗewar da za ta faru ba za ta wuce salatif ɗin ba. In ta faru, kada ki fizga. Ki ja a hankali har ya cije, ki nemo madaukin da ya riƙe shi, ki ɗaga shi da farce, ki ci gaba da ja.

Minti 20 kullum na mako biyu ya ishi yatsa ya gane aikinsa. Ran da za ki koma ruwa, ki fara da ƙoto mai giram 14 ɗin nan da hannunki ya saba da shi, ƙananan kuma ki bar su a akwati tukuna.