Tambaya da Amsa: Sola a Rufin Gine-ginen Gona a Ingila, Sai da Izini?

Wasiƙun wannan fitowa daga masu karatu ne da ke noma ko kiwo a karkarar Ingila. Amsoshin na Ingila ne kaɗai, domin Sikotlan da Wels da Ayalan ta Arewa kowacce da nata ƙa'idojin.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da siton hatsi mai tsawon mita 30, kuma ɓangaren rufin da ke kallon kudu mita 9 ne daga ƙololuwa zuwa baki. Ina so in sa masa farantan sola. Maƙwabcina ya ce ba sai na nemi izinin ƙaramar hukuma ba, mai aikin kuma ya ce in nema. Wa zan bi?

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, kowannensu da gaskiyarsa, girman aikin ne zai raba gardama. Dokar 2015 ta ayyukan da aka yarda a yi ba tare da neman izinin gini ba, a Kashi na 14, Rukunin J, ta halatta sa sola a rufin ginin da ba na zama ba, kuma siton gona yana ciki. Amma da sharuɗɗa, kuma da tef ake auna su, ba da ido ba. A rufi mai gangara, kada farantan su ɗaga fiye da santimita 20 daga jikin rufin. A rufi mai shimfiɗa, kada su haura mita 1 sama da wurin da ya fi tsawo a rufin, ba a lissafa bututun hayaƙi. Sannan dole a bar tazarar mita 1 tsakanin farantan da gefen rufin na waje. Wannan na ƙarshen shi ya fi kayar da mutane, don mai aiki yakan so ya cika rufi har baki saboda a ga yawan kilowat a takardar farashinsa.

Mu yi lissafin naka. Cire mita ɗaya ta gabas, ɗaya ta yamma, ɗaya ta bakin rufin, saura mita 28 sau 8, wato murabba'in mita 224. Faranti ɗaya na yanzu yakan ci kusan murabba'in mita 2, ya ba da wat 440 ko kusa da haka. Ke nan za ka samu gurbin faranti kamar 110, kilowat 48 da ɗoriya. Ka tsaya dab da iyaka, domin kilowat 50 shi ne layin da doka ta ja. Ƙasa da shi, in ka cika sharuɗɗan, ba ka buƙatar aika komai kafin ka fara. Da zarar ka haura shi, sai ka shigar da takardar neman amincewar farko. Wannan ba cikakken izinin gini ba ne. Abin da hukuma za ta duba kawai shi ne fasalin aikin, yadda zai sauya kamannin ginin, da ƙyallin da zai iya kashe wa maƙwabta ido. Tana da kwana 56. In wa'adin ya cika ba ta ce uffan ba, kana iya farawa. A da akwai iyakar megawat 1 a wannan rukuni, an cire ta a Disambar 2023.

Abu biyu ka bincika tukuna. Ƙaramar hukuma tana da ikon janye wannan sassauci a wani yanki ta hanyar umarnin Sashe na 4. Haka kuma izinin da aka gina siton da shi tun asali yana iya ɗauke da sharaɗin da ya hana ƙara masa komai. Shawararmu, ko da aikin bai kai kilowat 50 ba, ka nemi takardar shaidar halaccin aiki daga hukumar. Kuɗinta rabin na cikakken izini ne, takan ɗauki mako takwas, kuma ranar da za ka sayar da gonar ko ka nemi rance a banki, ita lauya zai fara tambaya.

TAMBAYA: Gidan gonarmu yana cikin jerin gine-ginen tarihi. Ba gidan nake so in taɓa ba, tsohon ɗakin shanu ne na dutse da ke tsakar farfajiya, shi kuwa sunansa ba ya cikin jerin. Ina da damar sa masa sola?

AMSA: Hajiya, ki dakata. Rukunin J bai shafi ginin tarihi ba, bai kuma shafi duk ginin da ke cikin harabarsa ba. Bayan haka, dokar gine-ginen tarihi ta 1990 tana ɗaukar duk ginin da ke cikin harabar tun kafin 1 ga Yulin 1948 a matsayin wani ɓangare na ginin da aka kare, ko da ba a rubuta sunansa ba. Ɗakin shanu na dutse da wuya ya zama bai kai wannan shekarun ba. Don haka takardu biyu ke gabanki: cikakken izinin gini, da amincewar taɓa ginin tarihi. Ta biyun ba a biyan kuɗin shigar da ita, amma yin aiki ba tare da ita ba laifi ne da ake kai mutum kotu a kansa, ba irin wanda ake gyarawa da wasiƙa ba.

Ina harabar ta tsaya? Nan ne ake yawan jayayya, domin ba katanga kaɗai ake dubawa ba, har da wanda ya mallaki gine-ginen da yadda ake amfani da su lokacin da aka sa gidan a jerin. Ki rubuta wa jami'in kula da gine-ginen tarihi na ƙaramar hukumarku, ki haɗa da taswira da hotuna, ki nemi amsa a rubuce. Sau da yawa mafita tana can bayan farfajiya: wata rumfar ƙarfe ta zamani da ke wajen harabar, wadda ba a hango ta daga gidan.

TAMBAYA: Rufina bai da kyau. Ba gara in jera farantan a ƙasa ba, ko in kafa injin iska a bayan garke?

AMSA: Sassaucin da aka yi wa na ƙasa kaɗan ne ƙwarai: jeri ɗaya tak a harabar ginin, faɗinsa kada ya wuce murabba'in mita 9, tsayinsa kada ya wuce mita 4, kuma ya nisanci iyakar harabar da mita 5. Faranti huɗu ke nan, ba su kai su riƙe injin tatsar madara ba. Duk abin da ya fi haka sai cikakken izini, mako takwas ga ƙaramin aiki, sha uku ga babba, kuma za a duba darajar ƙasar noman da za ka rufe.

Injin iska kuwa, a wurin da ba gidan zama ba babu sassauci ko kaɗan, komai ƙanƙantarsa. Tun 2015 aka ƙuntata kafa su a doron ƙasa a Ingila, sai a Yulin 2024 gwamnati ta ɗage takunkumin. Ɗage takunkumi ba ya nufin an daina neman izini. Ka shirya amsa tambayoyi kan ƙara, kan inuwar fukafukai da ke walƙiya a tagogin mutane, kan tsuntsaye da jemagu, da kuma na'urar hangen jiragen sama in akwai filin jirgi kusa. In an hana ka, kana da wata shida na ɗaukaka ƙara.

Kada kuma ka ce za ka gina sabuwar rumfa don kawai ta ɗauki sola. Sassaucin gine-ginen noma na ginin da aikin gonar ke buƙata ne da gaske, kuma jami'ai sun san wannan dabarar.

TAMBAYA: Hukuma ta tabbatar min ba na buƙatar izini, amma kamfanin da na kira ya leƙa rufin ya ƙi hawa. Me ke faruwa?

AMSA: Mai yiwuwa rufinka na siminti ne mai asbestos, wani zaren ma'adini da ake haɗawa da siminti a da. An haramta asbestos gaba ɗaya a Birtaniya a 1999, don haka duk rufin siminti mai ƙundu-ƙundu da aka sa kafin 2000 ana ɗaukarsa da shi har sai gwaji ya nuna akasin haka. Huda shi don ɗaure ƙarafan sola yana tayar da ƙurar da ke lalata huhu, ga shi kuma in ya tsufa yana fashewa ƙarƙashin ƙafar mutum. Faɗowa ta cikin irin wannan rufi na daga cikin abubuwan da ke kashe mutane a gonaki. Kamfanin ya yi daidai. Farantan za su yi shekara 25 ko fiye, bai kamata a ɗora su kan rufin da ba zai kai goma ba. A sauya shi da na ƙarfe tukuna.

Ko rufin sabo ne, injiniyan gini ya auna ƙarafan da ke ɗauke da shi. Sola da ƙarafanta sukan ƙara kilo 11 zuwa 15 a kowane murabba'in mita, ga dusar ƙanƙara a kai, ga iskar da ke shiga ta buɗaɗɗen gefen rumfa ta nemi ɗage rufin sama. Rumfunan gona ana gina su ne daidai wa daida, ba a bar musu rarar ƙarfi mai yawa ba. In kuma dabbobi ke ciki, tururin fitsarinsu yana cin ƙarfe, sai a zaɓi kayan da aka gwada a kansa, a kuma ajiye inbata, wato na'urar da ke juya wutar sola ta zama irin ta layin lantarki, a waje da garken.

Akwai jemagu da mujiya. Dokokin kare namun daji na 1981 da 2017 suna kare su ko ana buƙatar izinin gini ko ba a buƙata, kuma makwancin jemage a kare yake ko ba ya ciki a lokacin. Binciken fitowar jemagu daga Mayu zuwa Satumba ake yi. Wanda ya tuna da wannan a Oktoba ya rasa wata bakwai. In an sami jemagu, sai da lasisi daga hukumar kula da namun daji da muhalli ta Natural England.

TAMBAYA: Da wanne ya kamata in fara, hukuma ko kamfanin lantarki?

AMSA: Kamfanin da ke da wayoyin yankinku, ba wanda ke aiko maka da bil ba. In inbatarka ba ta wuce amfiya 16 a kowane layi ba, wato kilowat 3.68 a layi ɗaya ko 11.04 a layi uku, ƙa'idar G98 ce: ka haɗa, ka sanar cikin kwana 28. Sama da haka G99 ce, sai sun amince kafin a haɗa. Gonaki da yawa suna ƙarshen siririyar waya, da ƙaramar taransfoma a kan falwaya. Tura wuta mai yawa ta cikinta yana ɗaga ƙarfin lantarkin fiye da kima, inbata ta riƙa kashe kanta da tsakar rana. Kamfanin zai iya cewa ka biya kuɗin ƙarfafa layin, ko ya ƙayyade abin da za ka tura waje ta ƙa'idar G100. Amsarsu ce za ta nuna girman aikin da ya dace, shi ya sa ba a biyan kafin alƙalami kan faranti kafin ta zo. In kana son a riƙa biyanka wutar da ka tura, tsarin da ke aiki tun Janairun 2020 yakan nemi takardar MCS, wato shaidar ingancin kayan sola da na mai sakawa, ga aikin da bai wuce kilowat 50 ba, sai ka tabbatar mai sakawar yana da rajista.

TAMBAYA: Haya nake a gonar. Shin wannan sassauci ya shafe ni?

AMSA: Ya shafi ginin, ko wa ke ciki. Sai dai bai ba ka ikon huda rufin wani ba. Ka samu yardar mai gonar a rubuce, a faɗi a ciki wa ke da farantan, wa zai gyara in rufin ya fara yoyo, da abin da za a biya ka in hayar ta ƙare kafin su mayar da kuɗinsu.