Shin sai an biya kuɗi kafin a girka Java a uwar garken kamfani?

Wani ɗan kasuwa mai sayar da kayan masarufi da sari ya rubuto cewa yana da shaguna uku da ma'aikata 40, kuma matashin da ya rubuta masa manhajar lissafin kaya ya ce sai an girka kayan aikin Java (harshen rubuta manhaja), wato JDK, a kan uwar garken, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan shagunan, wadda ke aiki da Ubuntu, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar. Tambayarsa ita ce ko akwai kuɗin da zai biya bayan ladan matashin.

Alhaji, amsar ta rataya ne a kan inda aka ɗauko kayan. Java mallakar kamfanin Oracle ce tun da ya sayi Sun Microsystems a 2010, kuma tun daga Janairun 2023 kamfanin yake ƙirga kuɗin lasisinsa da yawan ma'aikata, ba da yawan kwamfutoci ba. Farashin da ya wallafa ga masu ma'aikata ƙasa da 1,000 shi ne dala 15 a kan kowane mutum a wata, kuma ana lissafa kowa da kowa, har direba da mai gadi waɗanda ba su taɓa zama gaban kwamfuta ba. A ma'aikata 40, wannan ya kama dala 600 a wata, wato dala 7,200 a shekara, alhali cinikinka da naira kake yi. Gaskiya ne Oracle yana ba da sababbin fitowarsa kyauta, amma rangwamen yana da wa'adi, domin masu amfani da Java 17 sun ga yadda sabuntawarta ta kyauta ta ƙare a Satumban 2024.

Shawarata ita ce kada ka shiga wannan ɗawainiyar, tunda akwai OpenJDK, wadda daga tushe ɗaya take da ta Oracle, kuma lasisinta ya halatta amfani da ita a kasuwanci ba tare da biyan ko sisi ba. Tana cikin rumbun manhajojin Ubuntu, umarni ɗaya ne ke sauko da ita: sudo apt install openjdk-21-jdk. Eclipse Temurin da Amazon Corretto, wasu nau'o'in OpenJDK, su ma kyauta ne.

Ranar da matashin zai yi aikin, ka zauna kusa da shi, ka sa ya rubuta java -version a gabanka. Idan layin farko ya fara da kalmar openjdk, hankalinka ya kwanta. Idan kuwa ka ga Java(TM) SE Runtime Environment, to ta Oracle ce, sai ka nemi ya cire ta ya musanya. Ladan da ya dace ka biya shi ne na girkawa da na sabunta tsaro a kai a kai, kuma ku rubuta a takarda wanda ke da alhakin sabuntawar da wanda ke riƙe da kalmar sirrin uwar garken.