Ta Ina Zan Fara Koyon Linux?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a nan Sakkwato, unguwar Mabera, an ce mana mu iya Linux kafin zango mai zuwa, na yi ta kallon bidiyo a YouTube har datana ta ƙare amma ban kama komai ba, wanga ya ce Kali wancan ya ce Ubuntu. Dan Allah mi zan yi?

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena. Linux babbar manhaja ce mai tafiyar da kwamfuta kamar Windows, Kali da Ubuntu kuma nau'o'insa ne. Kali ɗin nan ka ajiye shi gefe tukunna, don masu gwajin tsaron kwamfuta aka gina shi, masu shi ma da bakinsu sun ce ba na ɗan koyo ba ne. Ka ɗauki Ubuntu mai LTS, wato wanda ake daɗewa ana sabunta shi, kamar 24.04, shekara 5 ana kula da shi, in kuma laftof ɗinka tsohuwa ce mai RAM gig 4 to Linux Mint na Xfce, wani nau'in Linux marar nauyi, zai fi mata sauƙi.

Abin karatu kuwa guda ɗaya za ka riƙe, wallahi yawan tsalle daga wannan malami zuwa wancan shi ke kashe ma yara gwiwa, kuma yana damuna. Akwai littafin William Shotts, The Linux Command Line, kyauta ne a intanet, ka sauke PDF sau ɗaya shikenan ko ba data ko an ɗauke wuta kana karatunka. Turancinsa ba mai wahala ba ne. In ka fi son kwas, Linux Foundation na da Introduction to Linux, shi ma kyauta.

Amma fa karatun da hannu ake yinsa. Ka samu filashi mai gig 8, ka sa Ubuntu a ciki da manhajar Rufus, ka tada kwamfutar daga filashin, ba zai taɓa Windows ɗinka ba in dai ba ka danna install ba. Ka buɗe tamina (terminal), wurin da ake buga wa kwamfuta umarni, littafi a gefe, ka buga pwd ka ga inda kake, ls ka ga abin da ke wurin, cd ka shiga folda, mkdir ka ƙirƙiri sabuwar folda da sunanka. Duk wanda ya shige maka duhu ka sa man a gabansa, misali man ls, bayani zai fito. Minti 30 kullum bayan Asuba kafin zafi ya taso ya isa.

In laftof ɗin ta aro ce, manhajar Termux a wayar Android za ta ba ka mafi yawan waɗannan umarnin. Sai dai kar ka kwafo umarni daga guruf ka liƙa ba ka san aikinsa ba, balle mai rm (umarnin gogewa) da sudo (mai ba da cikakken iko a kan kwamfutar) a ciki, abin da rm ya goge ba ya zuwa kwandon shara.