Na'urar sanyaya ɗaki ta daina sanyi, tana tara ƙanƙara

Malam, ka ce na'urarka ta rage sanyi, ga ƙanƙara na taruwa a ciki. Galibi ƙura ce ta toshe siraran faifan alminiyon da ke bayan matatar iska. Iska ba ta ratsawa, sai bututun gas mai kawo sanyi da ke cikin faifan ya daskare.

Fara kashe wuta, ka bar ƙanƙarar ta narke da kanta. Don Allah kada ka kankare ta da wuƙa, huda ɗaya gas ya tsere. Wanke matatar, ka shanya a inuwa. Faifan kuwa ka share su a hankali da burushi mai laushi, daga sama zuwa ƙasa, don saurin lanƙwashewa gare su. Duba bututun fitar ruwa ko ya toshe.

In ƙanƙarar ta dawo, kira mai gyara ya auna gas.